Ranin da Na Hana Ɗan'auyo Barci

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci mai gudu da mai rarrafe, ya kuma yanka wa kowa rabonsa.

Ku yaran yanzu, in kun ga an kawo mini kaza mai gyangyaɗi na buɗe bakinta na ɗiga mata wani abu, sai ku ce ai wannan ba sana'a ba ce, kowa ma zai iya. Rannan ina jin wata jikata tana gaya wa ƙawarta wai kunkuru ya fi kowace dabba sauƙin kiwo, tunda rabin shekara barci yake yi. Takarda na ɗauko, don na san in da baki na fara, za ku watse kafin in kai ƙarshe.

A hannun Gwaggo Hanne na koya, yayar mahaifina, a nan cikin garin Haɗeja, lokacin Turawa suna nan. Akwai Baturen dabbobi da kan zo jefi-jefi, amma shi shanu ya sani. Ya kafa rumfa a bayan gari, a yi wa garke allura, ya naɗe kayansa ya wuce. Kazar tsohuwa, agwagwa, tantabara, ɗan akuyan da ya karye, kunkurun da ke bayan ɗaki, duk ba sa cikin littafinsa. Waɗannan gidan Gwaggo ake kawo su. Na fara riƙe mata fiffike tun ban isa ɗaukar tulu ba. Da aka kai ni makarantar 'yan mata a Kano na yi shekaruna na dawo, ita ta fara tarbata a zaure. Ta kama hannuwana ta jujjuya, ta ce, "To, sun koya miki duba takarda. Zo mu gani ko sun bar miki hannu."

Kayan aikinta duka kwando ɗaya ya ɗauke su. Aska ƙarama, gashin fiffiken zabuwa na share ido da maƙogwaro, jar kanwa, garin bagaruwa na miki, ƙaro da kakin zuma, tsinkayen kara da zaren auduga na ɗori. Abu ɗaya ne ba ya shiga kwandon, wata faffaɗar kwatarniya da ke kife a gindin bango, wadda ba a wanki a cikinta, ba a kwaɓa komai. Ta kunkuru ce, zan zo kanta.

Aikin farko da ta bar ni na yi da hannuna, wani kunkuru ne da turmi ya faɗa wa a gidan wasu masaƙa. Ƙoƙon bayansa ya tsage, ana hango wani abu ja yana motsi a ciki. Na wanke tsagar da ruwan kanwa mai ɗumi, na bar ta ta sha iska, na barbaɗa bagaruwa. Na narka kaki da ƙaro a kasko na riƙa ɗigawa. Don a yaba mini sai na like tsagar tun daga sama har ƙasa, sumul, ko tururuwa ba ta samun hanya. Gwaggo ta zo ta duba, ta sa farce ta ɓamɓare can ƙasa, ta ce, "Kin kulle ƙofa ɓarawo yana ɗaki. Ruwan mikin ta ina zai fita?" Wata biyu ina ɗaure masa tsumma saboda ƙuda. Ya warke, amma da tabo kamar kabu a jikin ƙwarya.

Masu kawo kunkuru yawanci tsofaffin mata ne. Wata ta ce yana hana maciji shiga gida, wata ta ce gida mai kunkuru ba ya rasa albarka. Ni dai ban taɓa ganin kunkuru ya kori maciji ba, albarka kuwa ta Allah ce. Abin da na gani shi ne gado. Kunkurun na kakar tsohuwa ne, ya zama na uwarta, ya zama nata. Duk waɗanda suka san ta tana yarinya sun tafi, saura shi.

Idan ruwan kogi ya janye bayan kaka, Gwaggo kan ɗauke ni mu fita fadama ta hanyar Auyo neman saiwa da sassaƙe. Inda wata biyu baya kwalekwale ke yawo cikin furen bado, sai ka tarar da ƙasa ta daddare, tsaga ko'ina. Wata rana da hantsi ta tsaya tsakiyar filin ta ce in cire takalmi. Na cire. Ta ce, "Taka a hankali, a kan masu barci kike tafiya." Ta ce gaiwa tana nan ƙarƙashin ƙafata, ta naɗe jikinta cikin laka ta rufe ido, kifi ne amma ba ruwa, tana jira. Kwaɗi suna nan, kififiya, kunkurun ruwa, tana nan, saiwar bado tana nan. Na tsaya ina kallon filin, ba motsin komai sai wata balbela can nesa, sai na ji kamar ƙasar tana numfashi sannu-sannu, kamar babban ɗaki da aka shimfiɗa tabarmi aka ja ƙyaure. Har yau in na bi ta fadama da rani ba na iya taka ƙasa da ƙarfi.

Kunkurun gida ma ɗan wannan ɗakin ne, ko da an haife shi a bayan murhu. Da sanyi ya fara shigowa sai ya rage ci da kansa, ya riƙa bin gindin bango yana shinshine. Rana ɗaya a neme shi a rasa, ya haƙa rami ƙarƙashin rumbu ya shige. A zuba masa ƙaiƙayi a bakin ramin a ƙyale shi. Sanyi ya wuce, bazara ta zo ta wuce, shamuwa ta dawo kan kuka, ruwan farko ya sauka, sai ga shi ya fito da ƙasa a ka yana neman abin ci. Wannan shi kuke gani ku ce sauƙi. Abin da ba ku gani shi ne ba kowane mai shiga ke fitowa ba.

Shi ya sa masu hankali kan kawo shi a duba kafin ya shiga. Gwaggo takan fara ɗaga shi da hannu biyu ta rufe ido. Mai lafiya nauyinsa kan ba ka mamaki, kamar ka ɗauki ɗan dutsen niƙa. Wanda ya fi kama da ƙwaryar da ba komai a ciki, ba shi da abin da zai ci a jikinsa har damina. Ta duba ido, ta duba hanci, ta kara kunne a ƙoƙonsa. Daga nan a cika kwatarniya da ruwa mai ɗumi a sa shi a hankali, hannu yana ƙarƙashin haɓarsa. In ya taso daidai kamar faifai, ƙirjinsa lafiya. In ya karkace gefe guda, to ciwo ya cika wannan gefen, kuma barci ba ya warkar da shi, ɓoye shi yake yi har ya gama aikinsa.

Sai maganar guzuri. Mutanenmu ba sa barin matafiyi ya fita da ciki wayam, wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma sai suka ɗauki kunkuru ma matafiyi ne. In sun ga zai shiga rami sai a dama fura da nono, a kawo tuwo da miya, a yi ta tura masa, wai tafiyar wata shida ce a gabansa. Akwai wani gida a unguwarmu da suka yi wa nasu haka, lafiyayye sumul, har da man shanu. Da damina ta sauka bai fito ba. Aka haƙa, aka tarar da ƙoƙo kawai, tururuwa na shiga tana fita. In ya kwanta, cikinsa ma kwanciya yake yi, abin da ke ciki ba ya narkewa, ruɓewa yake. Kunkuru da ruwa a jiki yake shiga, da ciki a wanke. Gwaggo ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, ana ce mata rowa gare ta.

Bayan an yi mini aure da shekara uku, Gwaggo ta bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ta gabas. Ta aiko mini da kwando da kwatarniya gidan Malam, maigidana, wanda ke koyarwa a makarantar elementare. Daga ranar masu kaji suka juyo da ƙafa zaurenmu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke da wuri, kogi bai hau fadama ba sai ɗan kaɗan. Shinkafa ta tsaya iya gwiwa ta bushe, masunta suka rataye koma. Ciwon kaji ya shigo, kullum sai an kawo mini biyar ko shida sun sunkuyar da kai, kaɗan ne suka tashi. Ciyawa ta ƙare tun kafin a gama girbi. Duk kunkurun da na ɗaga a wannan kakar sai in ji hannuna ya tafi sama da sauri.

Wata Laraba da hantsi na ji sallama, sai ga Iya Gambo mai bandar kifi, ƙawar Gwaggo, ta shigo da kwando a ka, warin hayaƙi yana gaba tana biye. Ta sauke, ta zauna a tabarma tana haki.

"Sannu da zuwa, Iya. Ina gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ke 'yar boko, ga Ɗan'auyo na kawo miki. Mura yake yi. Ki shafa masa abin da Hanne ke shafawa, jibi Juma'a zan rufe shi a raminsa."

Ɗan'auyo sananne ne a unguwa. Uwar Iya Gambo ce ta zo da shi daga Auyo cikin kayan aurenta, shi ya sa sunan. Faɗinsa ya kai babban faifai, ƙoƙonsa ya goge yana sheƙi don shafar hannu. Na ɗaga shi na rufe ido, ba nauyi. Idonsa ɗaya ya kumbura, kumfa tana fitowa ta hanci tana komawa. Na kara kunne, na ji wani siririn fito a ciki, kamar iska tana bi ta tsagar ƙyaure. Na ɗora ruwa, na juyo kwatarniya. Ina sakin sa ya karkace hagu, har ƙafarsa ta dama ta fito sama tana lilo.

"Iya, kin ba shi wani abu kwanan nan?"

"Guzurinsa mana. Ƙi ya yi, sai da na riƙa ɗura masa fura da yatsa. Kwana uku ina fama."

Na tsame shi na goge da zane. Na ce, "Iya, bana ba zai kwanta ba."

Ta dube ni kamar na ce bana ba za a yi sallah ba. "Wa zai hana shi?"

"Ni, in kin yarda. Ƙirjinsa da ciwo, jikinsa ba komai, cikinsa kuma da fura. In ya shiga ramin nan, ba ya fitowa."

"Ikon Allah! Tun uwata tana amarya yake kwanciya yana tashi, ba a haifi ubanki ba. Mara lafiya ai barci ake nema masa. A Kanon aka koya miki tashin marasa lafiya?"

"A nan aka koya mini, a bakin kwatarniyar nan. Kin ga yadda ya karkace."

"Tsufa ne. Ni ma ki sa ni a ruwan ki gani ko zan tsaya daidai."

Muka yi dariya, amma ba ta sauko ba. Ta ce Allah ne ya hore masa barcin nan, wanda ya hana dabba abin da Allah ya hore mata zai amsa tambaya. Wannan magana ta fi duk sauran nauyi, don gaskiya ce. Kuma ga abin da ban gaya mata ba: Gwaggo takan ce wa mutane kada su bari mai ciwo ya kwanta, amma ban taɓa ganin wanda ya bi maganar ba. Ban taɓa ganin an riƙe kunkuru ido biyu tun daga kaka har damina ba. Na san abin da rami zai yi masa. Abin da rashin rami zai yi masa, ban sani ba.

Malam ya dawo cin abinci ya tarar da mu. Iya ta ce, "Yawwa, Malam, raba mu. Ya halatta a hana bawan Allah barci?"

Ya tsuguna ya daɗe yana kallon Ɗan'auyo, ya ce, "Iya, karatuna bai kai kan kunkuru ba. Amma in jakina ne, wadda ta kara kunne ta ji zan bi."

"Dama bakinku ɗaya." Ta miƙe ta ɗauki kwandonta wayam. A bakin zaure ta juyo. "A gidana ba zai zauna ba?"

"Hayaƙin banda zai ƙarasa shi, Iya."

"To ga shi nan. Amanar uwata ce. Kullum zan zo in ga abin da kike yi masa."

Na samo wata randa da gindinta ya fashe, na kwantar da ita a bayan murhu, inda bango ke riƙe ɗumi amma hayaƙi ba ya bi. Na sa aka ɗebo mini yashin kogi. Kullum da la'asar in soya yashin a kasko kamar mai suyar gyaɗa, in bar shi ya huce har in iya tura hannu, in shimfiɗa a randar, in sa shi, in rufe bakin da tsohon bargo, in bar kafar iska. Da safe ba na fito da shi sai rana ta hau katanga. In jiƙa shi a ruwan ɗumi iya wuya, ya sha in zai sha. In share hancin da gashin zabuwa, in wanke idon da ruwan gishiri kaɗan. A kwana na biyar furar ta fito a cikin ruwan, da wari kamar an buɗe tsohuwar rijiya. Na ajiye kwatarniyar har Iya ta zo ta gani. Ta toshe hanci ta ce, "Furata ba ta wari. Taki ce kika ba shi."

Abinci shi ne wahala. Gari duk ya bushe, ɗanyen ganye sai a mafarki. Wuri ɗaya ne a gidan ƙasa ba ta bushewa, inda muke alwala. Na kewaye shi da ƙaya saboda kaji, na watsa irin rama da alayyafo. Akwai kuma wata kabewa da ta fito da kanta a wurin, na bar ta tana bin bango. Kafin su taso na riƙa jiƙa harawa da busasshen zogale ina ajiye masa. Ko kallo ba su ishe shi ba.

Shi dai haƙa. Ina ajiye shi a rana zai juya ya nufi gindin katanga, ya fara. Ƙasar gidanmu daɓe ce, ba ta haƙuwa, amma bai fasa ba. Ƙarar farcensa ta zama kamar wani agogo a gidan, ƙarat, ƙarat, tun hantsi har azahar. In na ɗauke shi na mayar tsakar gida, ya tsaya jim, ya sake nufar bango. Wani lokaci barci ya kama shi a tsakiyar aikin, wuya a miƙe a kan ƙasa, ƙafa ɗaya a sama. In zauna kusa da shi ina tsince shinkafa, gari tsit, in riƙa tunanin 'yan'uwansa duk suna can ƙasa cikin duhu mai sanyi, gaiwa da kwaɗi da kififiya, shi kaɗai aka bari a waje kamar wanda ayari ya tashi ya manta da shi.

Iya ba ta fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Ta zauna ta ɗora masa hannu ta yi ta ba shi labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya tafi cin rani, kifi ya yi wuya. In za ta tashi ta ce, "Sannu, ɗan kurkuku. Allah ya fid da kai hannun 'yan boko."

Kumfar hancin ta ragu, idon ya buɗe. Amma kwana talatin da 'yan kai bai sa komai a baki ba. Fatar ƙafafunsa ta saki, farcen gaba suka cinye har ɗaya ya yi jini. In na ɗaga shi sai in ji kamar iska zan ɗauka.

Ran nan Iya ta shigo da kwandonta, ba ta ko zauna ba.

"Na zo ɗaukarsa."

"Iya, ki ba ni zuwa Juma'a."

"Juma'a nawa na ba ki? Dube shi. Dubi ƙafarsa. Ke kin ce rami zai kashe shi, to ga shi tsakar gida tana kashe shi, da wahala kuma. In tafiya zai yi, ya tafi a ɗakinsa cikin sutura, ba a bainar kaji ba."

Na dubi ƙafar. Nata ne, kuma abin da ta faɗa ido yana gani. Na ce, "To, Iya. Amma yanzu na fito da shi daga ruwa, jikinsa da danshi. Ki bari ya sha rana ya bushe, kada iska ta buge shi a hanya."

Ta yi tsaki ta zauna. Na kawo mata ruwa. Muka zuba masa ido, ni da ita, yana tsakar gida. Ya ɗaga kai ya juya, na ce a raina ga shi zai nufi bango. Ya taka uku ya tsaya. Wuyansa ya fito, ya yi ta fitowa, ban taɓa sanin tsawonsa ya kai haka ba. Sai ya karkata ya nufi wurin alwala. Kabewar nan ta yi fure da asuba, guda biyu, rawaya shar, ɗaya ya leƙo ta ƙarƙashin ƙaya har yana taɓa ƙasa.

Tafiyar ba ta fi taku goma na mutum ba, amma ya ɗauki lokacin da za a dafa shayi. Ya isa, ya sa hanci, ya daɗe. Iya ta kama hannuna ta matse. Ya buɗe baki ya kai cizo, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A na uku ya kama gefen furen ya ja, ya yage. Muna jin ƙarar taunarsa daga inda muke.

Sai da ya cinye furen tas, har da ɗan ganyen rama a kusa, sannan Iya ta saki hannuna. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Dama kabewa yake so. Da kin tambaye ni da tuni na gaya miki."

"Kwandon fa, Iya?"

"Bar shi nan. Nauyi gare shi."

Daga ranar ya riƙa ci, yau kaɗan, gobe ya ƙi, jibi ya ƙara. Iya ta bi gidajen da ke da rijiya tana roƙon furen kabewa, har aka sa mata waƙa a unguwa. Da sanyi ya wuce na daina suyar yashi, aiki ya koma neman inuwa da yayyafa ruwa. Haƙar ma ya rage, sai dai jefi-jefi ya je ya dafa bango ya tsaya, kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Wajen tsakiyar bazara na sa shi a kwatarniya a gaban Iya, ya taso daidai.

Ban ce muku dabarar nan kullum tana ci ba. Bayan shi na riƙe wasu haka, wasu sun tashi, biyu sun mutu a bayan murhuna, na kuma tsaya gaban masu su na faɗa musu da bakina. Kowane da irin nasa. Hannu ke gaya maka, da kunne, sauran kuma sai addu'a.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Litinin da la'asar. Washegari gari ya cika da kukan kwaɗi, duk masu barci sun farka, kunkurun maƙwabta suna ta fitowa da laka a ka. Iya ta zo, na ɗauko kwandonta, muka sa shi, yanzu sai da na taimaka mata ta ɗora a ka. Na yi lulluɓi na raka ta har gida.

Tana ajiye shi a tsakar gidanta, bai dubi ɗanyar ciyawar da ta tanadar masa ba. Ya miƙe sak ya nufi rumbu, ya sami tsohon raminsa, ya shige har ƙafar baya ta ɓace.

Na ce, "Iya, kama shi! Yanzu kuma da damina?"

Na sunkuya zan tura hannu, ta riƙe mini zane.

"Ke 'yar boko, kin yi naki, Allah ya biya. Ramuwar barci yake yi. Ƙyale shi."

Kwana uku ya yi. A na huɗu da hantsi ta aiko a gaya mini ya fito, ya cinye mata yakuwa tun daga tushe, in zo in ɗauki abina.